Shekarar da Na Tambayi Baƙo

Ina jin abin da kuke faɗa, kada ku zaci kunnena ya mutu. Ran sunan ɗiyar Maryamu ina kishingiɗe a ɗaki na ji ɗayanku yana ba matarsa labari a tsakar gida, wai Inna ce ta sa aka rufe zauren kakanmu don ta gaji da girkin baƙi, wai shi ya sa Kawu Usumanu ya daina cin abincinta har ya koma ga Allah. Rabin maganar gaskiya ne, ya daina ci. Ɗaya rabin kuwa ban san a wace kasuwa kuka sayo shi ba. Ni da na tsufa ina tuƙa tuwon mutanen da ko sunansu ban sani ba, sai a wayi gari a ce tukunya ta gagare ni? To ku natsu ku ji abin da ya raba ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya goya ni ina ƙarama, don ba na son in mutu in bar ku da wannan shirme.

Kakanmu Malam Bawa da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a bakin kogin nan, a nan ƙasar Sudan, tsakanin Sinja da Abu Hujar, ya ce bari ya ɗan tsinki auduga ya tara na gaba. Auduga ta kai shi ga gona, gona ta kai shi ga aure, har ya rasu bai ga Ka'aba ba. Abin ya tsaya masa a rai, shi ya sa ya gina zauren nan ya kafa masa doka: duk wanda ya zo daga yamma ya ce gabas ya nufa, a ba shi ruwa da tabarma da tuwo, kuma kada a tambaye shi komai. Yana da dalilinsa. A zamaninsa da yawa daga masu biyo hanyar gudowa suka yi daga wani abu, tambaya kuwa tona asiri ce. Ba gidanmu kaɗai ba, duk ƙauyukanmu haka aka tashi. Mun ɗauka wanda ya ciyar da mai zuwa Makka yana da rabo a ladansa, mu da ba mu isa ba sai mu aika da tuwonmu ya isa. Har gobe in ka tambayi tsohon garinmu zai ce maka zango muka yi, alhali ya yi ginin bulo ya kafa faifan talabijin a kan rufi.

A zamaninmu jirgin sama ya riga ya cinye hanyar ƙasa. Sai a yi wata da watanni ba baƙo, awaki ne ke shiga zauren su sha inuwa. Yaya Usumanu, wanda gidan ya dawo hannunsa bayan Baba, abin yana cin ransa ƙwarai. Kowace safiya sai ya share zauren da kansa ya cika randa. Ni kuma tun rasuwar babanku na dawo gida, girkin baƙi yana hannuna don matar Yaya ba ta da ƙoshin lafiya. A haka, 'yan shekaru kafin yaƙin nan ya watsa mutane, wani mutum ya yi sallama da la'asar, farar jallabiya, ƙamshin turare, carbi a hannu ɗaya waya a ɗaya, ya ce sunansa Alhaji Tanko. A bayansa mata ne a tsaye da ƙullin kayansu. Ya ce talakawa ne daga yamma, ba su da halin jirgi, shi ne yake bi da su ta ƙasa saboda Allah zuwa Bur Sudan, su ƙetare teku su yi Umra, daga nan ya sama musu aikin gida a can su taimaki iyayensu. Wallahi na ga ƙwalla a idon yayana.

"Zainabu," ya ce da ni, "hanyar kakanni ta tashi. Kama zakaran nan."

Daga nan Alhaji Tanko ya zama ɗan gida. Bayan 'yan watanni sai ga shi da wasu matan. Yakan ce a bar su a ƙuryar zaure, kada su shiga cikin gida, wai suna cikin niyya bai kamata hira ta ɗauke musu hankali ba. Fasfo ɗinsu da wayoyinsu duk suna cikin wata baƙar jaka da ba ta rabuwa da hammatarsa, wai don kada su ɓatar. Garin nan kaf ya ga jakar, kuma kowa cewa yake kai, Alhaji akwai kula. Ran tafiya maƙwabta su kawo gyaɗa da dabino, Liman ya zo ya yi addu'a mai tsawo, mu raka su bakin titi mu ɗora su a bayan mota, muna cewa ku tuna da mu a Rauda.

A cikinsu akwai wata Rabi, bazawara daga wajen Maraɗi, ta baro 'ya'ya biyu wurin tsohuwarta. Ita ba ta iya zama hannu sake, sai ta saci jiki ta zagayo madafa ta ce in koya mata kisra, siririyar wainar dawar nan ta mutanen Sudan. Ta ƙona yatsu a kan kaskon ƙarfe, ta ce mu mutanen nan mun ɗauki tuwo mun mayar da shi takarda. Ta yi ta dariyar Hausata, wai rabi Larabci ce rabi ta kakar kakarta. Kwanakin da ta yi na ji daɗinta kamar ƙanwa. Ran tafiya ni na ɗaure mata ƙullin garin kunu a bakin mayafi.

Da kaka Rabi ta dawo, ana tsakar yankan riɗi. Da hantsi ne, ina tankaɗe, na ga mace a bakin ƙofa ba takalmi, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na miƙe zan ɗebo mata sadaka, sai ta ce, "Inna, ni ce mai ƙona kisra." Rariyar ta faɗi daga hannuna. Ko tekun ba ta gani ba. Can gabas aka kai su wani gida mai dogon bango a bayan wani gari, Alhaji Tanko ya miƙa su ga wasu mutane ya juya. Aka riƙa ɗibarsu ɗaya ɗaya, wadda aka fita da ita ba a ƙara jin labarinta. Ita aka kai ta wani gida tana bauta ba ko sisi, in ta yi magana a doke ta a ce sayenta aka yi. Akwai abin da ta faɗa mini da ba zan maimaita ba, kuma kada wanda ya tambaye ni. Ta gudu a bayan motar albasa, kuma a duk faɗin ƙasar Sudan sunan garinmu kaɗai ta riƙe. Na yi mata wanka na ba ta kunu, tana sha tana kallona.

"Inna, kun ba ni tuwo, kun yi mini addu'a, kun ɗora ni a mota da hannunku. Da mutum ɗaya ya ce, Rabi, ina takardarki, wurin wa za ki sauka, da na ce ban sani ba. Da na ji bakina ya faɗi haka, ƙila da na ji tsoro."

Na kai maganar ga Yaya, na zaci zai ɗauki sanda. Ya saurara har ƙarshe, ya yi salati, ya shafa gemu.

"Miskina. Amma Alhaji bai sani ba, Zainabu. Mutanen gaba ne suka ci amanatai."

"Yaya, da hannunsa ya miƙa su!"

"Ke kin gani? Mutumin da ke tada mu sallar asuba? Ki ji tsoron Allah."

Haka maza suka zauna a gindin dalbejiya bayan Juma'a, ni da Rabi muna daga bayan danga muna ji. Ku da kuke ganin dattawan nan da rawani kuna zaton hikima ce ke fita, da kun ji abin da na ji. Wani ya ce ai maganar mace ɗaya ba ta kafa hujja. Wani ya ce me ya fitar da bazawara daga garinsu tun farko. Aka shafe lokaci ana gardamar ko ya halatta a zargi wanda ya taɓa zuwa Hajji. Daga ƙarshe wani ya faɗi abin da ke cikin kowa, ya ce in hukuma ta ji, za a ce ga Fallata nan, kamar yadda suke kiran mu mutanen yamma, masu fataucin mutane, a dawo ana bincikar takardun zama ɗan ƙasa da iyayenmu suka sha wuya kafin su samu. Wannan tsoron gaskiya ne, ni ma ina da shi, ban raina shi ba. Amma a kansa aka tashi, aka yanke cewa a haɗa wa Rabi kuɗin mota, a yi shiru, Allah ya kiyaye gaba. Ba wanda ya ce ina sauran matan.

Ban yi shiru ba. Washegari na ɗauki Rabi muka hau mota zuwa Sinja, na yi ta tambaya har aka nuna mini wani ofis da ke kula da al'amuran mata. A can muka sami wata Ustaza, Balarabiya mai gilashi, wadda ta ajiye abin da take yi ta saurari Rabi ina fassara mata. Ita ta kai ta asibiti, ta raka ta wurin 'yan sanda, ta sama mata wurin zama kafin a mayar da ita gida. Daga baya ta zo garinmu ta yi taro a makarantar firamare. Maza sun cika ajin don an ji akwai lemo mai sanyi. Ta yi bayanin yadda ake yaudarar mutane da alkawarin aiki, a ƙwace musu takardu, a sayar da su, ta kawo misalin samarin da ke bin sahara. Kowa yana gyaɗa kai yana cewa Allah ya shiryi yaran zamani. Yayana a sahun gaba yake, ya fi kowa gyaɗa kai. Ko a mafarki bai kawo cewa da zaurensa ake ba, don a wurinsa wancan fatauci ne, namu kuwa saukar alhazai.

Ustaza ba wawuya ba ce, ta gane. Bayan taron ta biyo ni madafa, ta zauna a kan turmi, na tara mata matan unguwa. Ta ce abin ba ya buƙatar ofis ko hatimi. Duk baƙuwar da ta sauka a ja ta cikin gida inda mai rakiyarta ba ya ji, a tambaye ta cikin lumana takardarta a hannun wa take, ko ta san sunan wanda zai tarbe ta, ko akwai wani a gida da zai iya samunta a waya. Ta ce in amsar duka babu ce, a kira ta. Abin da muka ɗauka ke nan muka yi ta yawo da shi. Ba bikin da na bari, ba suna, ba zaman makoki. Na je har wajen Hasahisa inda ƙanwata ke aure na faɗa wa matan can, muka faɗa wa masu shayi a tashar mota don su ke fara ganin baƙo. Ba irin baƙar maganar da ban sha ba. Wata tsohuwa ta ce da ni a bainar jama'a, "Ke ɗiyar Malam, yaushe kika zama shurta?" Wato 'yar sanda. Liman kuwa na yi ta zarya gidansa ta hannun matarsa kafin ya yarda zai taɓa maganar a huɗuba. Da ya tashi taɓawa ya yi ta kewaye-kewaye a kan masu ɗaukar abin da ba nasu ba su kai gabas su sayar, har aka fito masallaci ana tambayar akuyar wa aka sace.

Sanyi na shigowa sai ga Alhaji Tanko da wasu matan, yana murmushi yana tambayar lafiyar kowa da suna. Bai san Rabi ta dawo ba, don garin da ya yi alkawarin yin shiru ya iya shiru. Na ji Yaya yana kiran a kama zakara. Na tare shi a soro, kafin ya shiga zauren.

"Yaya, yau zan tambaye su."

"Ba a gidanga ba."

"To a wane gida? Nan aka kawo su."

"Kakanki bai tambaya ba, ubanki bai tambaya ba. Mi kika fi su da shi?"

"Su ba a kawo musu Rabi ba takalmi ba."

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "In kika kunyata ni gaban baƙo, Zainabu, khalas, ba ni ba ke."

Na san ba wasa yake ba, don yayana bai taɓa faɗin magana ya janye ba. Na tsaya a soron nan. Mutumin nan shi ya karɓe ni da ku duka ran da na dawo da takaba, bai taɓa nuna mini gajiya ba, shi ya biya muku makaranta da kuɗin riɗinsa. Na tuna duk wannan, sannan na ɗauki bokiti na shiga ƙuryar zauren na ce matan su taso su yi wanka a cikin gida, ruwan zafi na jira. Alhaji Tanko ya fara cewa ai suna cikin niyya, na ce niyya ba ta hana wanka, Alhaji, ko a Makka ana yi. A ɗakina na zaunar da su na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda takardarta ke hannunta, ba wadda ta san inda za ta sauka. Wata yarinya ma cewa ta yi an gaya mata daga garinmu Makka tafiyar yini ce. Na ba su labarin Rabi ban rage komai ba, na aika maƙwabciyata ta kira Ustaza, ta ce 'yan sanda za su taso daga Sinja kafin la'asar, mu dai mu riƙe shi da hira.

Matar Yaya ta ji, ta kai masa. Abin da ya yi kuwa, har yau in na tuna sai in ji kamar in ciji hannuna. Bai musa ba, wannan karon ya yarda mutumin mugu ne, daga baya ya faɗa wa Liman haka. Amma ya shiga zauren ya ce masa, "Alhaji, ka ci abincin gidanga. Ba za a ɗaure ka bisa tabarmar ubana ba. Tashi ka tahi tun da rana." Ya ɗaukar masa baƙar jakar da hannunsa, jakar da takardun matan ke ciki, ya yi masa rakiya har bakin titi, ya tsayar masa da mota, don ba a barin baƙo ya ɗauki kayansa da kansa. Ina fitowa na hango su, na bi su da gudu ba mayafi ina ihu, mutanen gari suna kallona kamar ni ce na yi abin kunya. Kuma biyu daga cikin matan suka bi shi da ƙafarsu. Na riƙe hannun babbar ina roƙonta, ta zame a hankali.

"Inna, mun ji, mun gode. Amma abin da na baro a gida ba ki ji shi ba."

'Yan sanda suka iso suka tarar da shayi ya huce. Da ba su sami wanda suka zo nema ba sai suka juya kan mai gida. A ƙofar zauren, gaban yara da manya, suka yi ta yi wa yayana tambayoyi kamar ɓarawo, har suka ce ya kawo takardarsa ta ɗan ƙasa su gani, shi da aka haifi ubansa a garin nan. Abin da dattawa suka ji tsoro ya faru, kuma a kan wanda ya fi kowa tsoronsa. Ba don Ustaza ta sa baki ba da sun tafi da shi. Suna tafiya ya shiga ya naɗe tabarmin, ya zubar da ruwan randa, ya sa wa ƙofar kwaɗo da hannunsa, ya ce tunda baƙo ya zama abin bincike an gama saukar baƙi a gidan nan. To kun ji wanda ya rufe zaure. Daga ranar in na aika masa da abinci sai kwanon ya dawo a rufe yadda ya tafi. In mun haɗu a soro zai amsa gaisuwa don ba ya son zunubin gaba, amma ba zai ƙara ko kalma ba.

Matan da suka tsaya sun zauna a ɗakina wata da watanni, ba takarda, kafin Ustaza ta samu aka mayar da su garuruwansu. Alhaji Tanko bai ƙara biyowa ta wajenmu ba, kuma na ji an juya irinsa a wasu ƙauyukan da maganarmu ta kai. Ko sun daina ne, ko hanya kawai suka sake, Allah ne masani, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yanzu kowa a garin shi ya fara. Tsohuwar da ta kira ni shurta da kunnena na ji tana koya wa jikarta yadda ake tambayar baƙuwa, Liman kuma yana cewa ai tun farko ya yi gargaɗi a huɗuba. Ni dai abin da na samu shi ne na rasa yayana yana raye, muna kwana a gida ɗaya.

Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani, wata rana da azahar ya ce a kira ni. Na shiga da sauri, zuciyata tana cewa yau zai ce na yi daidai, ko ya ce ya yafe, ko ma ya zage ni in ji daɗi. Yana kwance ya koma kamar yaro. Yana kallon rufi ya ce:

"Zainabu, akwai wata mai jan mayahi, a tahiya ta biyu ko ta uku. Tana da ɗingishi. Da za ta hau mota ta kasa, ni na kama mata hannu na ɗora ta. Ta ce, Baba, in na isa da kai zan fara addu'a."

Na ce na tuna ta.

"Ta isa kuwa?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani na so. Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna a gefen gadon ina yi masa fifita har aka kira la'asar, bai ce in tafi ba.